Fim ɗin Vikings da alƙalamin wanda aka kai wa hari

Fim ɗin Vikings ya zagaye wayoyin samarin nan, daga Attantane har Tasawa, kowa bakinsa Ragnar. Ni kuwa wanda ya riƙe hankalina Athelstan ne, mai zuhudun da aka kamo bawa daga gidan ibadar Kirista na tsibirin Lindisfarne a Ingila.

Harin gaskiya ne, a 793 aka yi shi. Athelstan ƙagagge ne, amma da shi fim ɗin ya taɓo abu mai nauyi: mutumin ya rungume littafi lokacin da ake sarar ƴan uwansa. Galibin abin da aka rubuta kan hare-haren farko, irinsa suka rubuta shi. Alkuwin, malamin fadar Sharlaman, cewa ya yi azaba ce Allah ya saukar saboda zunubi. Su maharan sai a ƙarni na 13 aka rubuta tatsuniyoyinsu a Aisland, kuma jikokinsu da suka zama Kirista ne suka rubuta.

Inda fim ɗin ya ba ni haushi, ya ƙaunaci jini fiye da kima. Mutanen nan manoma ne, ƴan kasuwa ne. An tono dubban dirhamin ƙasashen Musulmi a tsibirin Gotland, kuma Ibn Fadlan ya gamu da ƴan kasuwarsu a bakin kogin Bolga a 922. Shekaru ma an cakuɗa su: Rollo, da aka mayar ɗan uwan Ragnar, sai 911 ya samu Normandi. To shekara nawa ke nan ya yi a duniya?

Mu nan bai kamata labarin ya zame mana baƙo ba. Bayan faɗuwar Katsina a 1807, sarautar Haɓe ta dawo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, daga nan ake ta kai hari kudu. Barth, da ya ratsa Tasawa da Gazawa a 1851, ya tarar hanyar Katsina ba ta biyuwa sai da tsoro. A takardun malaman Sakkwato mu ne maharan, mu ne ake kira kafirai. Namu ɓangaren yana bakin maroƙa da tsofaffin fada, kuma kowace shekara ana binne wasu.

Kada dai a ja kwatancen ya tsinke. Masu zuhudun Lindisfarne ba su da takobi. Sakkwato tana da alƙalami tana da dawaki, ita ta ci yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarki Rauda na Maraɗi ya mutu. Kuma sarakunan da ta kora suna kiran kansu Musulmi. Ɗan ajinmu da zai lissafo maka ƴaƴan Ragnar kaf, tambaye shi wa ya gaji Rauda.