Mai Tsaron Rumbun Ilimi

Duk wanda ya saba bin Titin Zariya ta Gyadi-Gyadi ya san hada-hadar ƙofar Asibitin Malam: 'yan adaidaita sahu suna sauke fasinja, masu jinya ɗauke da kuloli da tabarmi, masu lemo da ayaba sun kasa kayansu a bakin hanya. Jama'a neman lafiya suke zuwa yi, amma akwai wani abu da gidan yake haifarwa duk shekara wanda mai wucewa ba ya gani, shi ne rubutu. Tun da aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, ya zama inda Jami'ar Bayero take horar da likitocinta, ake ta rubuta kundayen bincike a cikinsa: a kan sikila, da jijjigar masu ciki, da tamowa, da tarin fuka, da ciwon ƙoda. Kowane kundi watanni ne na bin gadaje, da ɗibar jini, da ƙidaya, da hana ido barci. In an gama, a kai shagon buga takardu a yi masa bango mai kauri da rubutun ruwan gwal. A makarantunmu da yawa, daga nan sai kanta, sai kuma abin da ƙura da gara da yoyon rufi suka ga dama.

Na san zafin wannan a jikina. Kundin digirina na biyu, wanda na shafe shekara uku a kansa, na neme shi bayan wasu shekaru saboda wani ɗalibi yana son dubawa. Kwafin da na bari a wani ɗakin karatu, damina ta riga ni zuwa. Wanda na zuba a faifan CD kuwa ya ƙi buɗuwa. Na ɗauka har kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, inda na san in abu yana da sauran numfashi za a tashe shi. Mai gyaran ya juya faifan a hasken rana, ya nuna mini inda fatarsa ta saluɓe, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri." Tun daga ranar nake ganin girman mutanen da sana'arsu ita ce hana irin wannan asara. Allah kuma ya sa ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanwata ne, a nan Gyadi-Gyadi yake zaune, yana kula da rumbun bincike na wata babbar makaranta.

Rumbun bincike ma'ajiya ce a intanet inda makaranta take zuba abin da malamanta da ɗalibanta suka rubuta, kundaye da muƙalu da rahotanni, domin kowa ya karanta kyauta. Yana zaune ne a kan wata ƙaƙƙarfar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda marubutanmu suka raɗa wa suna uwar garke, don ita sauran kwamfutoci suke bi su sha. Abin ya faro a 1991, lokacin da Paul Ginsparg ya buɗe arXiv a Los Alamos ta Amurka domin masana kimiyya su riƙa musayar rubuce-rubucensu. A 2000 Jami'ar Southampton ta Ingila ta fitar da manhajar EPrints, a 2002 kuma jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar da DSpace, duka biyun kyauta ne, kowa yana iya ɗauka ya girka. A Nijeriya, Jami'ar Jos ta buɗe nata a 2009, tana sahun gaba. Jami'ar Ahmadu Bello ta gina nata a kan DSpace, ta sa masa suna Kubanni, sunan kogin da aka datse jami'ar take sha. Yau ɗalibi a Maraɗi ko Sakkwato yana sauke kundin da aka rubuta a Samaru ba tare da ya je tasha ba.

Girka manhajar aikin 'yan kwanaki ne. Sana'ar tana wajen riƙe ta shekara goma ko ashirin, ta yadda duk abin da aka ba ta ajiya zai fito yadda ya shiga, a duk sa'ar da aka neme shi.

Na taɓa kwana a gidan su ɗan ƙanwar tawa. Da muka dawo daga sallar Asuba, tun kafin a kawo koko da ƙosai, ya buɗe kwamfutarsa ta cinya a kan tabarma. Baƙin allo ne, babu hoto ko ɗaya, sai fararen layukan rubutu suna hawa sama. Na tambaye shi abin da yake karantawa.

Ya ce, "Kawu, labarin daren jiya ne. Duk abin da ya sami uwar garke tana rubutawa: wanda ya shigo, wanda ya ƙwanƙwasa aka hana shi, da ƙarfe nawa aka ɗauke wuta."

Yana cikin bi sai ya tsaya a kan layi ɗaya, ya ɗora yatsa. Ɗaya daga cikin fayafayan ajiya huɗu da ke cikin injin ya ba da rahoton cewa wuraren da suka lalace a jikinsa sun ƙaru.

"Wannan ya fara tari," in ji shi. "Bai kwanta ba tukuna, amma ba zan jira ya kwanta ba."

An jera fayafayan ne bisa wani tsari da ake kira RAID, wanda yake rarraba bayanai ta yadda in ɗaya ya mutu sauran za su iya sake gina abin da ke cikinsa. Da hantsi ya je ɗakin injin ya zare mai tarin, ya zura sabo, injin yana ci gaba da aiki. Sa'o'in da sabon faifan yake cika su ne mafi haɗari, domin in na biyu ya faɗi a lokacin an shiga uku, don haka bai matsa daga wurin ba sai da aka kira La'asar. Masu karatu a waje suna ta sauke kundaye, babu wanda ya san an yi tiyata.

A Kano injin nan yana da abokan gaba uku: zafi, ƙura da ɗaukewar wuta. Ɗakin uwar garke ana son sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27, alhali a watan Afrilu garin yakan haura 40. Da hunturu kuma ƙura takan bi ta kafar da ido ba ya gani ta toshe fankokin injin. Shi ya sa mai wannan aiki dole ya san batir da inbata da sola da janareta kamar yadda ya san manhaja. Ɗan ƙanwata ya saita injin ta yadda in batir ya kusa ƙarewa zai rufe ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, ya kashe kansa cikin natsuwa, domin ma'adanar bayanan da aka katse wa wuta tana tsaka da aiki kamar marubuci ne da aka bugi hannunsa a tsakiyar kalma.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake gane cewa rubutu bai sauya ba. A garin nan, in alaramma ya gama rubuta Alƙur'ani ba a sa shi a gafaka sai gwanaye sun bi shi harafi da harafi, wasali da wasali. Rumbu ma yana da masu dubansa. Ranar da aka shigar da kundi, DSpace yakan lissafa masa wani tambari mai haruffa da lambobi 32, wanda aka tatso daga dukkan abin da ke cikinsa. Ko ɗigo ɗaya ya sauya, tambarin zai fito daban. Mai kula da rumbu yakan sa injin ya riƙa zagayawa cikin dare yana sake lissafin, yana gwadawa da na asali. In an sami saɓani, to faifai ya fara cin amana a ɓoye, sai a ɗauko lafiyayyen kwafi a maye gurbin.

Wannan ya kawo mu ga kwafin ko-ta-kwana, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa da ginin, domin gobara ko ɓarawo ba sa tambayar wane ne na asali. Kuma abu biyu ake kwafewa tare: su kansu kundayen, da ma'adanar da ta san sunan kowannensu. DSpace yana ajiye kundi ne da wata doguwar lamba a maimakon sunansa, saboda haka in ma'adanar ta ɓata, abin da zai rage buhuna ne dubbai babu shaida a jiki. Lokaci-lokaci ɗan ƙanwata yakan ɗauko tsohuwar kwamfuta, ya yi kamar komai ya ƙone, ya sake tayar da rumbun daga kwafi kaɗai, yana duba agogo. Na ce masa wannan ai wahalar da kai ce, tunda babu abin da ya faru. Ya ce, "Kawu, kwafin da ba a taɓa dawo da shi an gani ba, zato ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ajiya kuma ba ta cika sai ana iya gano abin da aka ajiye. Kowane kundi yana da katin shaida: take, marubuci, shekara, fanni, harshe da sauransu, bisa tsarin Dublin Core mai gurabe 15, wanda ya samo suna daga wani taro da aka yi a garin Dublin na jihar Ohio a 1995. A nan ne ma'aikacin laburare da mai kula da inji suke haɗa kai, a nan ne kuma matsalolinmu na gida suke fitowa. Mutum ɗaya ya rubuta sunansa Muhammad a kundin farko, Mohammed a na biyu, Moh'd a muƙala. Wani lokaci ya ƙara sunan garinsu, wani lokaci ya bari. In ba a daidaita ba, malami ɗaya ya zama mutum huɗu, aikinsa ya warwatse. Shi ya sa suke matsa wa masu bincike su yanki lambar ORCID, mai gurabe 16, wadda aka fara bayarwa a 2012, ta bi mutum duk yadda ya rubuta sunansa. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. In ba a saita komai a kan tsarin UTF-8 ba, sai taken kundin Hausa ya fito cike da akwatuna da alamun tambaya. Gwani yakan tabbatar ƙafa ta zauna ƙafa, ba ta koma kafa ba, sannan ya gyara injin nema ta yadda wanda wayarsa ba ta da ƙ ma zai sami abin da yake so.

In katin ya yi kyau, manyan injinan tattara bincike irin su BASE na Jami'ar Bielefeld a Jamus da CORE na Ingila sukan zo da kansu su kwashi bayanan, su baza wa duniya. Kowane kundi kuma ana ba shi adireshi na dindindin da ake kira Handle, wanda yake bin sa ko an sauya inji ko an sauya sunan shafi, kamar yadda lambarka take bin ka in ka sayi sabuwar waya. Wanda ya ambaci kundin a rubutunsa yau, mai karatu zai same shi bayan shekara ashirin, muddin mai tsaron yana kan aikinsa.

Sai tsaro. A watan Oktoba na 2023 wasu masu kutse da ake kira Rhysida suka shiga Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan, suka kulle injinansa, suka nemi kuɗin fansa. An ƙi biya, suka watsa bayanan da suka sata, rumbun EThOS mai ɗauke da bayanan kundayen digirin digirgir fiye da 600,000 ya rufe na tsawon lokaci. In gemun Landan ya kama wuta, na Kano sai ya sha ruwa. Don haka duk sabon gyaran da masu manhaja suka fitar sai ɗan ƙanwata ya gwada shi a gefe kafin ya ɗora, ƙofofin da ba a amfani da su ya toshe, kwafi ɗaya kuma ya raba shi da intanet gaba ɗaya.

Akwai kuma amanar da ta fi ta inji nauyi. Kundin likitanci yana iya zuwa da hoton fuskar majiyyaci, ko lambar katinsa, ko sunan ƙauyen da kowa ya san kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗauki bayanan lafiya a cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma tun kafin doka tarbiyya ta hana tona asirin mara lafiya. Na ga ɗan ƙanwata ya mayar wa wani marubuci kundinsa a kan hoto ɗaya tak, ya ce sai an rufe idanun yaron da ke ciki kafin ya hau.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da cibiyoyin bincike na garin nan: rumbu ba ya ƙarewa ranar yanke ƙyalle. A ware masa kuɗin fayafai da batir da sanyi duk shekara, a ba mai kula da shi mataimaki, a sa ya rubuta yadda komai yake tafiya, kada ilimin ya tsaya a kan mutum ɗaya. Matasanmu na Farm Centre, waɗanda suke kwance waya su ɗaure ido rufe, ku sani Linux da DSpace kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ta isa a fara koyo, kuma haƙurin da kuke yi da ƙananan wayoyi shi ne jarin wannan sana'a. Kai kuma ɗalibi, ranar da ka karɓo kundinka daga wurin masu bango, kada ka wuce gida kai tsaye. Ka biya laburare ka tambaya ina rumbu yake, ka miƙa kwafinka, ka karɓi adireshinsa.