Jinjina ga Kafintocin da Ke Ƙera Abin Matse Firam da Kansu

Duk firam ɗin hoto ko na madubi da ka gani kusurwoyinsa huɗu sun haɗu tsaf, babu ratar da allura za ta shiga, akwai kafintan da ya cancanci yabo a bayansa. Da yawansu ba sa sayen ƙarfen matse katako mai tsada. Guntaye huɗu na icce mai ƙwari, kamar maɗaci, suke tsincewa cikin ragowar aiki, su yanke wa kowanne lungu mai digiri 90 cif.

Nan gwanintar take. Bakin kowane katakon firam ana yanka shi a digiri 45, don haka idan lungun guntu ɗaya ya kauce ko da kaɗan, firam ɗin duka zai karkace. Sai ka ga malam ya ja layi da fensir mai tsini, ya bi shi da zarto a natse, ya huda ƙaramin rami a cikin lungun domin gam ɗin da ya tsattsafo ya sami wurin zuwa. A bayan guntun kuma ya sassaƙa gurbin igiya, ya goga kyandir kada guntun ya manne da aikin. Idan ya sa guntayen a kusurwoyin firam ɗin ya ɗaure da igiya, sai ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. In awon ya zo ɗaya, aiki ya yi.

Wannan haƙuri da ƙin ha'inci abin koyi ne. Allah ya yi wa hannayensu albarka, mu kuma mu riƙa biyan su haƙƙin guminsu ba tare da ƙwara ba.