Waƙar "Karuwa" ta Mu'azu Haɗeja a Ma'aunin Kwanar Gafan

Tun da ruwan Tiga ya iso gonakin Kura da Bunkure a shekarun 1970, cinikin tumatir yake tara baƙi a kasuwar Kwanar Gafan, inda Hisba ta sha kai samame saboda karuwanci. Wannan ya isa dalilin sake auna waƙar "Karuwa" ta Mu'azu Haɗeja. Zambon waƙar yana da kaifi, sai dai mace ce ta sha mafi yawansa. Namiji kuwa gargaɗi ya samu, tamkar wanda aka cuta. Alhali aya ta 2 ta Suratun Nur ta haɗa mazinaciya da mazinaci a hukunci ɗaya. Wa'azin da ya sassauta wa mai biya bai cika ba, domin ciniki ba ya ƙulluwa sai da mai saye.