Wa zai ɗauki alhakin shawarar?

A farkon watan Yulin 1975, masu karanta jaridu a Amurka suka buɗe shafin Ann Landers suna jiran abin da suka saba gani: wasiƙar matar da mijinta ya addaba, ko ta uwar da ɗanta ya gagara, da amsa a ƙasa. Ranar ba a buga wasiƙar kowa ba. Mai shafin ce da kanta ta shaida musu cewa aurenta na shekara 36 ya mutu. Ta faɗi abin a taƙaice, ba ta aibata mijin ba, ta amsa cewa ita da ke warware wa jama'a matsalar aure ba ta da amsar tata, sannan ta bar sauran filin fari fat.

Sunanta na gaskiya Esther Lederer, amma kowa Eppie yake kiranta. An haife ta a 1918 a garin Sioux City na jihar Iowa, 'yar Yahudawan da suka yi ƙaura daga Rasha. Tagwaye ne ita da Pauline, har aurensu rana ɗaya aka ɗaura a 1939. A 1955 Ruth Crowley, ma'aikaciyar jinya da ta fara rubuta shafin Ann Landers a jaridar Chicago Sun-Times, ta rasu, jaridar ta yi gasar neman magajiya. Eppie matar gida ce da ba ta taɓa aikin jarida ba, amma ta yi abin da ya bambanta ta da sauran. Cikin tambayoyin gwajin akwai ta 'ya'yan itacen maƙwabci da ke zubowa cikin gidan wani, shin na wane ne? Maimakon ta yi shaci-faɗi, sai ta buga wa William O. Douglas waya, alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, ta tambaye shi. Haka ta ci gaba da yi shekara 47: tambayar lafiya ta nemi likita, ta addini ta nemi malamin addini, ciki har da Fada Theodore Hesburgh na jami'ar Notre Dame. Watanni kaɗan da farawarta, Pauline ta buɗe nata shafin, Dear Abby, a jaridar San Francisco Chronicle, gasar da ta sa 'yan biyun suka shekara da shekaru ba sa ga-maciji.

Na kawo tarihin matar nan ne don abin da nake gani yau a wayoyinmu. Sana'arta ba ta mutu ba, hannu ta sake. Duk wanda ke leƙa shafukan Hausa na Facebook da Instagram ya san saƙon da ke farawa da "Don Allah Anti a ɓoye sunana." Wata ce mijinta ya yi wata shida bai kawo cefane ba, wata kishiya ta hana ta sakat, wata kuma dukanta ake yi tana da ciki. Mai shafi ya ɗauki hoton saƙon ya liƙa, ya rubuta "ku ba ta shawara," ya koma gefe. Kafin la'asar amsoshi sun kai dubu. Wannan ya ce ta yi haƙuri, aure ibada ne. Waccan ta ce ta tattara ya-nata ya-nata tun kafin a kawo gawarta. Wani ya ce asiri ne. Can ƙasa mai kayan mata ta ajiye lambar waya, da mai cewa ya san wani malami.

Ba na ganin laifin masu turo saƙon ko kaɗan. Mace da yawa in ta kai kuka gida, kalma ɗaya za ta ji: ki koma ɗakinki. Akwai kuma matsalar da kunya ba za ta bari ta faɗa wa uwa ko yaya ba. Ɓoye suna rahama ce gare ta, kuma dama shi ne tushen wannan sana'a tun 1691, lokacin da John Dunton ya fara amsa tambayoyin masu karatu a jaridarsa Athenian Mercury a Landan. Damuwata tana ɗaya ɓangaren. A da mai tambaya ne kaɗai ke ɓoye, mai amsa yana fili da suna ɗaya da kowa ya sani. Yanzu mai amsar ma ya ɓace cikin taro. Idan matar nan ta bi shawarar wani ta kashe aurenta a banza, ko ta bi ta wata ta zauna har aka karya mata hannu, babu wanda za a nuna a ce kai ne ka faɗa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, balle a ce mai ɗaukarsa mace ce da ke kuka tsakar dare tana karanta amsoshin da ke ƙaryata juna.

Eppie ta yi kurakurai, wasu manya. A 1982 wata 'yar jarida a ƙaramin garin Pontiac na jihar Illinois ta gano tana sake buga tsofaffin wasiƙu kamar sababbi, ta fito ta ba da haƙuri, ta ce ta daina. Amma ku lura da yadda aka kama ta: akwai suna, akwai tsofaffin jaridu da za a je a duba, akwai mutuncin da take tsoron ya zube. In masu karatu suka yi mata ca a kan wata amsa, takan buga wasiƙunsu ta janye maganarta, har ta ce ta cancanci bulala arba'in da jiƙaƙƙiyar taliya. Ra'ayinta kan saki ma ya sauya a gaban idon jama'a. Ta fara da cewa a zauna ko don yara, daga baya ta yarda cewa akwai auren da rabuwa ta fi masa alheri. Wannan amana da ta tara ce ta sa a 1971, da ta roƙi masu karatu su rubuta wa sanatocinsu kan wata dokar ba da kuɗin binciken cutar daji, wasiƙu suka yi wa majalisa ambaliya, kuma a ƙarshen shekarar Shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar. Ta kai jaridu wajen 1,200 suna buga ta. Da ta rasu a 2002, shafin ya rufe tare da ita, kamar yadda ta so, ba a ba wani sunan ya ci gaba da shi ba.

Ba cewa nake a ɗauko amsoshinta a kawo Kano ko Damagaram ba. Na mutanenta ne da zamaninta. Abin koyi shi ne yadda ta ɗauki aikin. Mai shafin da ke da mabiya dubu ɗari ya fi mai unguwa yawan masu kawo ƙara, kuma yana cin moriyar hakan, tunda yawan sharhi ke jawo masa talla. To ya yi aikin. Ya karanta saƙon, ya gane cewa ɓangare ɗaya ya ji. In duka ne ko alamar ciwon damuwa, ya kira matar kafin ya liƙa komai, ya haɗa ta da likita ko lauya ko malamin da ya san fiƙihun aure da gaske. Ya goge unguwa da yawan 'ya'ya da sana'ar miji, don da su dangi ke gane ta cikin minti biyar. Sannan ya rubuta amsa ɗaya da sunansa, ya rufe ƙofar masu tallan magani, ya koma bayan wata guda ya tambaye ta yadda aka ƙare.