Gardamar rediyon dijital: a tambayi mai sauraro na bakin Komadugu

An daɗe ana muhawara tsakanin masu cewa lokaci ya yi da za a jingine rediyon analog, wato FM da gajeren zango, da masu cewa a bi sannu. Galibi a manyan birane ake yin ta, kuma injiniyoyi ne ke riƙe da maganar. Ya dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su auna ta da mudun wani wuri dabam, wato Yebi, ƙauyen da ke kusa da Boso a ƙarshen kwarin Komadugu, fiye da kilomita 1,300 daga Yamai.

Da farko a kau da wani ruɗani. Yarjejeniyar Janeba ta 2006, wadda ta tsayar da wa'adin 17 ga Yuni 2015, talabijin ta shafa, ba ta tilasta wa kowa kashe FM ba. Ƙasar Norwe ce ta fara rufe tashoshinta na ƙasa a kan FM a 2017, bayan ta shafe shekaru tana shiri, kuma jama'arta suna da wutar lantarki da halin sayen sabon akwati.

Magoya bayan dijital suna da hujja mai nauyi. A tsarin DAB+, na'urar watsawa ɗaya tana ɗaukar tashoshi fiye da goma, murya garau. Tsarin DRM kuwa yana tsabtace gajeren zango, har Muryar Najeriya ta kafa na'urarsa a Lugbe, kusa da Abuja, a 2012. A jihar Diffa, inda Barbarci da Fulatanci da Hausa da Tubanci da Larabci da harshen Buduma ke cinkoso a 'yan sa'o'in shirye-shirye, ba ƙaramin alheri ba ne kowane harshe ya sami tasharsa.

Sai dai hujjar ta manta da mai sauraro. A watan Mayu na 2015 an kwashe mazauna tsibiran tafkin Cadi, wasunsu suka sauka a Yebi. A watan Mayu na 2016 aka kai wa ƙauyen hari, ranar 3 ga Yuni aka afka wa Boso, dubban mutane suka watse zuwa gefen babbar hanya. Mai gudun ceton rai abin da hannu zai ɗauka yake ɗauka: ƙaramin akwati mai batir biyu, ko salula mai kama FM. Irin waɗannan akwatuna ba su kama DAB+ ko DRM. Ga kuma bambancin hali: analog idan ya yi nisa yakan yi shuu, amma kunne ya tsinci labari, dijital idan ƙarfinsa ya gaza, sai tsit. Shi ya sa Dandal Kura a 2015, da Ndarason a 2016, da suka nufi mutanen tafki da harsunansu, suka hau gajeren zango.

Nijar ma ta taɓa ɗanɗana alkawarin dijital. Kamfanin WorldSpace ya harba tauraronsa na Afirka a 1998, rediyoyin karkara irin na Bankilare suka riƙa karɓar shirye-shirye ta akwatunansa. A 2008 kamfanin ya karye, daga baya akwatunan suka zama kayan ado, FM ɗin ƙauye kuwa ya ci gaba da magana. Wanda ya hau dokin aro, ba shi ke zaɓen ranar sauka ba.

Akwai kuma batun iko. Tsarin da ke tara tashoshi goma a na'ura ɗaya ya tara su ne a bayan ƙofa ɗaya, kuma ƙaramar tashar gari sai ta biya haya kafin ta shiga. An dakatar da RFI a Nijar a watan Agusta na 2023, aka dakatar da BBC a Disamba na 2024. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi kan waɗannan matakai, sun nuna cewa yawan hanyoyin da murya ke bi, FM da gajeren zango da intanet, shi ne garkuwar mai sauraro.

Wannan ba ya nufin a juya wa dijital baya. Inda ya fi amfani a yau shi ne ɗakin shirye-shirye da ɗakin ajiya. Studio Kalangou, tun 2016, tana haɗa shirye-shiryenta da kwamfuta a Yamai, tashoshin FM na jihohi su kai su ga jama'a. Muryar Sahel, wadda ta samo asali a 1958, ta ɗauki muryoyin mawaƙa da masu tarihi a kan kaset da zafi da ƙura ke cinyewa. Juya su zuwa dijital ya fi sauya akwatin manomin tattasai gaggawa.

Nan aikin ya faɗo a kanmu. Ƙungiyoyinmu na iya ɗaukar tatsuniyoyi da tarihin garuruwan da aka tasa daga bakin dattawansu, a adana, a miƙa wa rediyoyin gari. Duk ranar da aka zo mana da shirin sauya tsari, mu tambaya: nawa ne kuɗin akwatin, wa ke riƙe da na'urar watsawa, kuma da wane harshe za a yi wa mutumin Yebi magana.