Tsufa, Zumunci da Rufin Asiri: Tarken Littafin Cranford na Elizabeth Gaskell

Duk wanda ya nazarci ƙagaggun labaranmu na farko zai lura da matsayin da aka ba tsoho a cikinsu. A littafin Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, tsohon mayaƙi ne yake ba yara labarin gwagwarmayar da ya sha. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, malami ne yake warware wa almajiransa tarihin rayuwarsa. A duka biyun, abin da tsohon ya yi a zamanin ƙuruciya shi ne labari. Yadda yake wuni a yau, da wanda yake zuwa gaishe shi, da abin da yake sa wa bakin salati, ba su cika shiga lissafi ba. Wannan maƙala za ta dubi wani littafin Ingilishi wanda ya ɗauki ainihin zaman hutun tsufa ya mai da shi jigo, domin a ga ko irin wannan zama yana iya ɗaukar nauyin littafi sukutum.

Elizabeth Gaskell (1810–1865) ta tashi ne a hannun 'yar'uwar mahaifiyarta a Knutsford, wani ƙaramin gari a yankin Cheshire na Ingila, kuma shi ne ta sake wa suna Cranford. Labarin ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Household Words wadda Charles Dickens yake shiryawa, daga watan Disamba na 1851 zuwa 1853, sannan aka buga shi littafi mai babi 16 a 1853. Taurarinsa tsofaffin mata ne, wasu mazansu sun mutu, wasu ba su taɓa aure ba, suna rayuwa da ɗan abin da gado ko hannun jari yake kawo musu a shekara. Mai ba da labarin, Mary Smith, baƙuwa ce da take zuwa musu ziyara daga Drumble, birnin masana'antu, wanda manazarta suka haɗu a kan cewa Manchesta ake nufi.

Babban aikin waɗannan mata shi ne ziyara, kuma ziyarar tana da dokoki. Daga sha biyun rana zuwa ƙarfe uku ake zuwa gaisuwa. Wadda aka ziyarta za ta rama cikin kwana uku, kuma ba a wuce rubu'in sa'a a zaune. Da yamma a sha shayi, a buga karta, a watse da wuri. Mai karatu mai gaggawa zai ɗauka ba'a kawai marubuciyar take yi musu, amma in aka natsu za a ga dokokin duka hanyoyi ne na rufin asiri. Gajeriyar ziyara ba ta tilasta wa mai gida fito da abincin da ba ta da shi. Alal misali, Uwargida Forrester ta gayyaci ƙawayenta liyafa, ta wuni tana gasa wainar fulawa da hannunta, amma da 'yar aikinta ta shigo da faranti sai ta nuna kamar ba ta san abin da ke ciki ba. Baƙin sun san gaskiya, ita ma ta san sun sani, amma babu wadda ta ɗaga ido. Haka kuma Matty Jenkyns, wadda ita ce zuciyar littafin, takan kunna kyandir ɗaya ne kawai da dare, tana sauya shi da ɗan'uwansa lokaci-lokaci don tsawonsu ya zo daidai, saboda in baƙo ya shigo ya zaci kullum biyu ake kunnawa. Bahaushen da ya san mutumin da zai shafa mai a baki ya fita alhali bai karya kumallo ba, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a nan.

Ƙarfin littafin, a ganina, yana cikin yadda raha take buɗe ƙofar baƙin ciki ba tare da an yi shela ba. Dubi labarin Thomas Holbrook, manomin da ya nemi auren Matty a ƙuruciya. Mahaifinta limamin coci ne, kuma shi da yayarta Deborah sun ga manomi bai kai matsayin gidansu ba, sai maganar ta mutu. Bayan shekaru masu yawa suka sake haɗuwa a kanti, ya gayyace su gonarsa. Abin da marubuciyar ta tsaya a kai a wannan ziyara shi ne yadda matan suka rasa yadda za su ci wake da cokali mai yatsu biyu, shi kuwa mai gida yana ɗiba da wuƙa hankalinsa kwance. Ba a ambaci soyayya ba ko sau ɗaya a bakin teburin. Ba da jimawa ba Holbrook ya yi tafiya birnin Faris, ya dawo ya rasu. Matty ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Sai ta nemi mai ɗinki ta yi mata hula mai kama da wadda matan da mazansu suka mutu suke sawa, sannan ta janye dokar da ta hana 'yar aikinta Martha kula samari. Da waɗannan ƙananan abubuwa biyu mai karatu ya gane nauyin abin da ta ɗauka shekara da shekaru. Marubutanmu masu tasowa, waɗanda sukan cika shafi uku da hawaye da suma, suna da abin dubawa a wannan babi.

Tsakiyar rikicin littafin ita ce karyewar bankin da Matty ta zuba jarinta. A kantin Johnson ta fara jin labarin, lokacin da aka ƙi karɓar takardar fam biyar ta bankin daga hannun wani talakan ƙauye. Nan take ta ba shi zinariyarta ta fam biyar ta karɓi takardar da ta san tana iya zama banza, domin a tunaninta mai hannun jari yana da alhakin waɗanda suka amince da bankin. Da labari ya tabbata, abin da ya rage mata fam 13 ne a shekara. A nan ne zumuncin shan shayi ya nuna ko yana da tushe. Ƙawayenta suka taru a ɓoye a gidan Pole, kowace ta rubuta abin da za ta iya bayarwa a shekara a takarda ta liƙe, don kada wata ta san na wata, aka kuma roƙi mahaifin Mary ya san dabarar da kuɗin zai isa ga Matty ba tare da ta san daga ina ya fito ba. Wato dai wannan al'adar kau da kai, wadda muka yi wa dariya a liyafar Forrester, ita ce ta zama hanyar taimako ba tare da tozartawa ba. Martha ma ta gaggauta aurenta da Jem Hearn don uwar ɗakinta ta sami wurin zama a gidansu. Matty ta koma sayar da ganyen shayi, amma sai da ta fara zuwa ta tambayi Johnson ko hakan zai rage masa ciniki.

Ta fuskar zubi da tsari kuwa, littafin yana da rauni a fili. Gaskell ba ta yi niyyar rubuta littafi ba tun farko, labari guda ta shirya, kuma ita kanta ta faɗa wa John Ruskin a wata wasiƙa cewa da ta san za ta ci gaba da ba ta kashe Kyaftin Brown ba. Shi wannan Brown tsohon soja ne mai karɓar rabin albashi, wanda ya zo garin ya kama aiki a reluwe, ya kuma tayar da hankalin matan saboda yana faɗin talaucinsa da babbar murya a kan titi. Shi ne tauraron da ya fi dacewa ya gwada dokokin Cranford, amma a babi na biyu jirgin ƙasa ya take shi yana ƙoƙarin ceton wata yarinya. Deborah ma, wadda suke musu da shi a kan ko rubutun Samuel Johnson ya fi na Dickens, ta rasu da wuri. Labarin yana tafiya ne gutsure-gutsure: saniyar da ta faɗa ramin farar ƙasa gashinta ya zube aka ɗinka mata rigar ulu, zuwan mai rufa-ido Brunoni, fargabar ɓarayi da ta kama garin. Wasu daga cikinsu suna da daɗi ƙwarai, amma babin fargabar ɓarayi ya yi tsawon da bai kamata ba. Duk da haka ban yarda da masu cewa rashin zaren labari guda ya kashe littafin ba, domin ranakun wanda ya ajiye aiki ba su da zare guda, abin da ke haɗa su shi ne fuskokin da ake gani kullum.

Inda nake da ja sosai shi ne ƙarshen littafin. Matty tana da ƙane, Peter, wanda ya gudu daga gida tun yana saurayi bayan mahaifinsu ya zane shi a bainar jama'a saboda ya sa kayan Deborah yana wasa. Mary ta rubuta wasiƙa Indiya bisa wani zato, sai ga Peter ya dawo da furfura da abin hannu daidai gwargwado, ya rufe kantin shayi, ya sasanta matan da suka ɓata saboda auren Lady Glenmire da likita Hoggins. An san cewa yayan marubuciyar, John Stevenson, ya yi tafiya Indiya ta teku aka daina jin ɗuriyarsa, don haka ana iya fahimtar abin da ya ja ta ga wannan ƙarshe. Amma ta fuskar fasaha ya rage wa littafin ƙarfi. Babuka da dama sun nuna mana matan da suka riƙe junansu da ɗan abin da suke da shi, sai a ƙarshe aka kawo namiji daga ƙetare ya ɗauke nauyin. Bugu da ƙari, ba a tsaya an tambayi yadda aka tara dukiyar ba. Peter noman baba ya yi a Indiya a zamanin da Turawan Ingila suke riƙe da ƙasar, kuma Gaskell, wadda a littafinta Mary Barton na 1848 ta bi diddigin wahalar ma'aikatan masaƙun Manchesta har cikin ɗakunansu, a nan ta bar gonakin baban a bayan labule, ta bar Peter yana ba tsofaffin mata labaran ƙarya na tsaunukan Himalaya suna riƙe baki.