Sharhi a Kan Dogaro da Feftayid Mai Toshewa Wajen Tantance Antibodi

A 1992 Anne Ridley da Alan Hall suka nuna cewa furotin Rho ne ke sarrafa haɗuwar zaruruwan aktin, waɗanda suke tamkar tsaiko ga ƙwayar halitta. Masu nazarin wannan fanni sun dogara da antibodi wajen gano inda irin wannan furotin yake. Manufar sharhin nan ita ce a auna wata hujja da suke yawan kafawa.

Akan cuɗa antibodi da feftayid mai toshewa, wato guntun furotin da aka yi wa dabba allura da shi tun farko. Idan alamar ta ɓace, sai marubuci ya ce antibodinsa bai kama komai ba sai abin da ake nema.

A ganina hujjar tana da rauni, domin antibodin da aka toshe wa baki ba zai kama kowa ba, ko wanda ake nema ko waninsa. Mu ɗauki RhoA da RhoB da RhoC, waɗanda jerin amino asid ɗinsu ya zo ɗaya fiye da kashi 80 cikin 100. In antibodin RhoA yana kama RhoC bisa kuskure, feftayid zai shafe alamun biyu gaba ɗaya, sai a jingina wa RhoA aikin ɗan'uwansa. Kama da wane kuwa ba wane ba ne.

Abin da ya fi shi ne a cire ƙwayar gadon furotin ɗin da CRISPR a sake gwaji. In alama ta saura, antibodin ya yi ƙarya. Wannan na cikin hanyoyi 5 da Mathias Uhlén da abokan aikinsa suka gabatar a 2016, toshewa da feftayid kuwa ba ta cikinsu. Saboda haka ina roƙon malamai masu duba kundayen ɗalibai kada su karɓi wannan hujja ita kaɗai.